Jirgin Kara da Jirgin Ƙarfe: Tarihin Dogo a Ƙasar Haɗeja

Jirgin ƙasa bai taɓa shiga birnin Haɗeja ba. Layin dogon da Turawa suka ja daga Kano zuwa Nguru, mai tsawon kusan kilomita 230, wanda aka kammala a 1930, ya bi ta Ringim da Gagarawa, ya yada zango a Malam Madori, kimanin kilomita 20 arewa maso yamma da birni, sannan ya zarce Birniwa ya tuƙe a Nguru. Duk da haka, cikin tsararrakina da muka yi ƙuruciya a zamanin Sarki Haruna, da wuya ka sami namijin da bai taɓa ƙera jirgi da hannunsa ba. Da karan dawa muke yinsa, da laka, da gwangwani. Mu shimfiɗa masa dogo a ƙasa, mu gina masa tasha da gada da dalar gyaɗa, damina ta zo ta share, kaka ta yi mu sake sabo. Tarihin jirgin ƙarfe yana nan cikin littattafai da takardun gwamnati. Na kara kuwa ba a damu da rubuta shi ba, alhali tare suka zo ƙasar nan, tare kuma suke neman ɓacewa.

A 1907 aka fara aikin dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan dogo ne kafin ya zama gwamna. Da gumin talakawa aka yi shi, domin yawancin leburorin ta hannun sarakuna da hakimai aka tattaro su, abin da kakanninmu ke kira ɗiban gwamna. Dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 kuma aka sada shi da layin Legas. Auduga Turawa suka sa wa rai, don masaƙun ƙasarsu. Manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, in kuma kasuwa ta ƙi ana iya cinta, sai suka raja'a a kanta. Daga nan ne aka sami attajirai irin su Alhassan Ɗantata da dalar gyaɗar da ta zama tambarin Kano. Da ciniki ya bunƙasa sai aka miƙa wa dogon rassa don ya kai ga gonakin da ke nesa: na Zariya zuwa Ƙaura Namoda ya isa a 1929, namu na Nguru ya biyo baya da shekara guda.

Shekara 24 kacal ke tsakanin isowar dogon Nguru da watan Afrilun 1906, lokacin da sojojin Ingila suka ci Haɗeja da yaƙi, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'arsa masu yawa. Ke nan akwai waɗanda suka ji ƙarar igwa a bakin ganuwa suna samari, suka kuma ji kukan jirgi a Malam Madori suna magidanta, zamanin Sarki Usman. Kakana na wajen uwa yana cikinsu. Har ya koma ga Allah bai saki jiki da jirgi ba, ko da yake a cikinsa gyaɗarsa take tafiya, da kuɗinta kuma yake biyan haraji.

Duk wanda ya san ƙasar nan zai gane abin da ya hana dogo zuwa birni. Haɗeja a bakin kogi take, kudu da gabas da ita kuwa fadama ce zalla. Ruwa yakan taso daga ƙasar Kano, ya iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa marar gangare, ya rarrabu tsakanin jigayi, wani ya bi kogin Kafin Hausa, wani Burum Gana, wani ya nufi Nguru ta Marma, ragowar ta haɗu da kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe, su faɗa tafkin Chadi. Daga Agusta zuwa Oktoba ƙasar Auyo da Kiri Kasamma da Guri takan sha ruwa, wasu ƙauyukan sai da kwalekwale. Shimfiɗa ƙarfe a irin wannan wuri sai da ciko mai tsawo da gadoji barkatai. Arewa da kogi kuwa tudu ne mai yashi, yashi kuma shi gyaɗa take so. Sai dogo ya bi tudu, ya bar wa fadama shinkafarta da kifinta.

Wannan zaɓi ne ya raya Malam Madori. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt, da Kwarori, da dillalan Hausawa, duk sun bi dogo suna kafa wuraren awon gyaɗa a tashoshinsa, garin kuma ya zama ƙofar masarauta ta fita da shigo da kaya. Jakuna da raƙuma da takarkarai suna kawo gyaɗa da fatu da ƙiraga daga tudu, bandar kifi tana fitowa daga fadama. Taragun da suka taso daga Nguru suna wucewa da shanu da ƙaro da kanwa. Waɗanda suka zo daga Kano suna sauke gishiri da goro da kananzir da yadi da kwanon rufi. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu suka zauna da iyalansu, har rikicin 1966 ya tarwatsa da yawa daga cikinsu. Ba a fara da sa'a ba, don layin ya buɗe ne daidai lokacin da kasuwar duniya ta karye bayan 1929, farashin gyaɗa ya faɗi warwas. Amma bayan yaƙin duniya na biyu abin ya murmure, aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya kuma a 1955. A wannan zamani na bunƙasa aka haife mu.

Kawuna ɗan kamasho ne a wajen awon gyaɗa, a gidansa nake yin hutun makaranta. Yaro ɗan birni idan ya je Malam Madori ya dawo, sai ya zama malamin unguwa. Tsararraki su kewaye shi: ƙafafun kan jirgi nawa ne, ta ina hayaƙi ke fita, me ke haɗa tarago da tarago? Baki ba ya iya amsa waɗannan tambayoyi yadda za a gamsu, sai hannu. Gani ya kori ji. A nan jirgin kara ya samo asali, kuma na tabbata haka abin ya faru a kowane gari da dogo ya ratsa.

Ba daga sama sana'ar ta faɗo ba. Tun kafin zuwan Bature yaran Hausawa suna gina dawaki da shanu da laka, 'yan mata suna shirya ɗakin 'yar tsana da tuwon ƙasa, ana lanƙwasa kara a yi abin wasa iri-iri. Abin da jirgi da mota suka kawo shi ne sabon abin kwaikwayo, mai ƙafafu masu juyawa. Sai a nemi busasshen karan dawa mai kauri, a sa wuƙa ko reza a ɓare ɓawonsa siri-siri. Tsokar cikin mai laushi ita ce katako, ɓawon kuma shi ne ƙusa: a fiƙe bakinsa a soke gunduwa da gunduwa har a tayar da gangar jiki. Ƙafafu daga sakaina ake fafe su, a goga a dutse har su yi zagaye, daga baya aka koma murfin kwalba da tsohon silifa. Tukunyar kan jirgi gwangwanin madara ne a kwance, bututun hayaƙi guntun gora. Gwanaye sukan cusa tsumma mai ci da wuta a cikin gwangwanin don hayaƙi ya riƙa tashi, abin da ya jawo wa da yawa bulala, domin dangar kara da wuta ba sa ga maciji. Taragu kuwa gwangwanin kifi ne, a huda gaba da baya a ɗaure da waya ko zaren kaba.

Jirgi shi kaɗai ba ya gamsar da mu, sai an yi masa ƙasa. Akan zaɓi fili a bayan gida ko gindin tsamiya, a share, a yi ciko da yashi, a jera tsinkaye a gicciye, a ɗora dogayen sillayen kara biyu. Tasha da laka ake gina ta, da rumfa da tankin ruwa a kan ƙafafu huɗu. Ana tara 'ya'yan bagaruwa ko ƙananan tsakuwa a yi dalar gyaɗa. Reshen sabara ya zama kuka, kan kaba ya zama goruba. Sannan, tun da 'ya'yan kogi ne mu, sai mun haƙa rami mai lanƙwasa mun cika shi da ruwan rijiya, mu sa ɓawon gyaɗa ya zama kwalekwale, mu gina gada jirgi ya haye. Abin da injiniyoyin Ingila suka ƙi yi, yaran Haɗeja sun yi shi: a wasanmu dogo yana ratsa fadama, ya zo har ƙofar gari.

Wasan yana da lokacinsa kamar yadda noma da su suke da nasu. Kara ba ya samuwa sai an girbe dawa. Laka mai kyau, baƙa mai danƙo, sai ruwa ya ja baya ya bar bakin gulbi. Saboda haka da sanyin hunturu ake fara gini, a yi ta ƙari da gyara har bazara. Awaki su ci wani, gara ta ci wani, ruwan farko ya narkar da tasha. Ba mai kuka, domin haka muka ga manya suna yi: kowace shekara ana yaɓen ɗaki, ana gyaran jinga, ana sabunta danga, wanda ambaliya ta rushe wa gida ya sake kwaɓa ƙasa. Kuma jirgin bana yakan fi na bara, saboda cikin shekarar wani ya sake zuwa tasha ya ƙara lura. Lokacin da injin dizal ya fara maye gurbin mai ci da kwal, kafin a ce me, bututun gora ya ɓace daga jiragenmu, kan jirgi ya koma mai kusurwa huɗu. Da za a ce an adana jirgin kara na kowace shekara, da an karanta tarihin reluwe a jikinsu. Daga cikin abokan wasan nan wasu sun zama kafintoci, wasu makanikai, wasu masu walda, ni kuma na ƙare a aji ina koyar da aikin katako da zanen fasaha.

Faɗuwar ta zo ta hanyoyi da yawa a lokaci guda. Farin 1972 zuwa 1974 ya gigita manoma, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da fari ya rage. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, kwalta ta yawaita, manyan motoci suka ƙwace dakon kaya daga hannun jirgi. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Jirgin Nguru ya koma sai jefi-jefi, tashoshi suka tsufa ba gyara. Ita ma fadama ba a bar ta yadda take ba. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, sai tafiyar ruwa ta sauya. Wuraren da ke bushewa da rani suka daina bushewa, kacalla ta samu gindin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama makwancin tsuntsayen jan baki masu cin shinkafa. Wasu wuraren kuma ruwan ya daina isa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna mana cewa kogin da aka toshe wa hanya yakan nemi wata, ko da ta cikin gidajen mutane ce. Yaron da aka haifa bayan an ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991 bai ga dalar gyaɗa ba, bai ga fadamar da muka sani ba, da yawa daga irinsa ba su taɓa ganin jirgi yana tafiya ba. Abin da ido bai gani ba hannu ba ya ƙerawa. Motar roba ta kasuwa da wayar hannu suka cike gurbin.

Sai da na girma na san cewa abin da muke yi a gindin tsamiya, a wasu ƙasashe manya ne ke yinsa, da kuɗi da ƙungiyoyi da mujallu. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da ƙaramin jirgi mai dogon da ake harhaɗawa tun 1891. A Landan an kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a 1910, Frank Hornby na Libaful ya fara sayar da jiragensa masu wani a 1920. A Hambag akwai Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, inda ƙananan jirage ke ratsa ƙasashe sukutum a cikin gini guda. Amma wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne Roye England, mutumin Ostareliya da ya zauna a karkarar Ingila. Ya ga ana rushe tsofaffin gidaje masu rufin ciyawa, sai ya shiga auna su yana ƙera su ƙanana, daki-daki. Aikin nan ne ya zama gidan tarihi na Pendon a 1954, inda har yau ake ganin ƙauyukan yankin da jiragensu kamar yadda suke a wajejen 1930. Zamanin da yake ƙoƙarin adanawa shi ne zamanin da dogo ya iso mana.

Da na ajiye aiki sai na ɗaura niyyar yin irin wannan ga Malam Madori da fadamar Haɗeja, a shagon da ke zauren gidana. Na ɗauki ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya, wato kowane abu a rage shi sau 87. Faɗin dogonmu na da ƙafa uku da inci shida ne, milimita 1,067, irin na Afirka ta Kudu da Japan, saboda haka a teburina ya zama milimita 12. Mutum bai kai rabin ɗan yatsa ba. Nan take lissafi ya nuna mini iyakata: tazarar da ke tsakanin tasha da birni, ko an rage ta sau 87, sai ta ci mita 230. Dole a taƙaita ƙasa, a zaɓi abin da zai wakilci saura. Na sa tasha da sito da wurin awo a gefe guda, jigawa da gonar gyaɗa a tsakiya, sannan ƙasa ta gangara zuwa gulbi, da masunta da shinkafa da jigon mai lambu.

Kayan aikin duk na gida ne. Tudu da kwali da tsumma na tayar da shi, na shafe da laka. Yashin daga jigawa na ɗebo na tankaɗe, na manne shi da ƙaro, wanda dā taragu ke ɗauka daga Nguru. Garin katako da aka rina ya zama ciyawa, zaren buhu ya zama kaba, buhunan dala kuma ƙwayar shinkafa ce da aka shafa wa ƙasa. Ginin farko bai daɗe ba. Shekarar da ruwa ya matso gari, damshi ya tashi ta ƙasan ɗaki, katako ya kumbura, gara ta biyo baya. Na biyun sai na yi shi gunduwa-gunduwa a kan ƙafafun ƙarfe, yadda mutum biyu za su iya ɗauke kowane sashe su kai tudu. Mai gini a ƙasar Haɗeja, babba ko ƙarami, da shawarar kogi yake yi.

Amfanin da ban zata ba ya fito ne daga bakin dattawa. Tsohon da za ka tambaya labarin tasha ya ce maka ya manta, da ya tsaya a gaban teburin nan sai harshensa ya kwance. Wani tsohon lebura ya dube shi ya ce, “Malam, ai ba haka ake jera buhu ba, sai an sarƙe su, in ba haka ba dala zubewa za ta yi.” Ya karɓi tsinke ya nuna mini. Wani ya tuna inda masu tuwo ke zama, wani ya yi gardamar wajen da tankin ruwa yake, wata gwaggona ta lissafa kifayen da suke bandawa, tarwaɗa da karfasa da gargaza, da yadda ake ɗaure su cikin tabarmar kaba. Kowace ziyara takan sa in ɓalle wani sashe in sake. Na daina ganin wannan a matsayin ɓarna, domin kowane gyara shaida ce da aka karɓa daga wanda ya gani da idonsa. Jikokina kuma, da suka gaji da kallo ba taɓawa, sai na aike su gona suka ɗebo kara, na koya musu ɓare shi. Ba su sha wuyar koyo ba.

A Fabrairun 2021 aka aza harsashin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina, da reshe zuwa Dutse. Faɗinsa milimita 1,435 ne, ba zai haɗu da tsohon layinmu ba, kuma bai biyo ta ƙasar Haɗeja ba. Muna fatan alheri gare shi, muna kuma roƙon a waiwayi layin Nguru, don shinkafa da riɗi da kifi da dabbobin yankin nan kaya ne da suka isa jirgi ya ɗauka. A Legas masu kishin tarihi sun gyara Jaekel House a Ebute Metta, sun mai da shi ɗan gidan tarihin reluwe. Mu ma muna da abin adanawa, kuma bai fi ƙarfinmu ba.

Kirana ga malaman firamare da na sakandare a ƙananan hukumomi takwas na masarautar nan shi ne su mayar da aikin kara da laka cikin darasin sana'ar hannu, su sa ɗalibai su ƙera garinsu kamar yadda yake a zamanin kakanninsu, da tasha ko kasuwa ko mashayar kogi. Majalisar masarauta da jami'o'in jihar su tura matasa da na'urar ɗaukar magana wajen tsofaffin ma'aikatan reluwe da leburorin gyaɗa da masunta, a kuma auna gine-ginen tashar Malam Madori da ta Birniwa a zana su tun suna tsaye. Iyaye kuma, in kaka ta yi, ku ware wa yara damin kara guda kafin a kai saura ga danga da murhu. Waɗanda suka ga jirgi mai hayaƙi da idonsu sun manyanta, kullum kuma raguwa suke yi. Ba a fafe gora ranar tafiya, a fara aikin nan da kakar bana.